Abin Wuyan Duna

Ranar da Duna ya kayar da Injiniya, hazo ne ya lulluɓe Kaduna. An idar da sallar Asuba ba da jimawa ba, gari bai gama wayewa ba, su biyun suna gangarowa ta layin bayan gida kamar yadda suka saba: kare a gaba, igiya a miƙe kamar tsirkiyar baka, dattijo a baya yana ta fama kada tafiya ta koma gudu. Sai ga wata akuya ta ɓullo daga wani kango. Duna ya zabura. Da yake Injiniya ya naɗe igiyar a hannu don kada ta kuɓuce masa, babu halin saki. Ya tafi da ƙirji, ya tokari ƙasa da hannun dama, ya ji ƙashi ya ce ƙas. Kafin ya yunƙura, karen ya ja da baya, ya zare kansa daga bel ɗin da ke wuyansa, ya bi akuya. Akuya kuwa ta kutsa tsakiyar yaran da ke tafiya makarantar allo. Bai ciji kowa ba, ko haushi bai yi ba, amma yara suka watse da kururuwa, wata yarinya ta faɗi ta kurje gwiwa.

Da maraice mahaifin yarinyar ya yi sallama. Bai ɗaga murya ba, hasali ma da jaje ya fara. Abin da ya faɗa bai wuce jimla biyu ba: su maƙwabta ne na shekara da shekaru, kuma ba ya fatan ranar da za su tsaya gaban mai unguwa saboda kare. Bayan fitarsa Hajiya ta ƙarasa zancen. "Alhaji, shekararka 67. Yau hannu ne, gobe ƙugu. Ko dai a san yadda za a yi da karen nan kafin ruwan farko ya sauka, ko a kai shi gona wurin ƙaninka."

Injiniya bai yi musu ba, domin ya san gaskiyarta. Sai dai rabuwa da Duna ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Autansu ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo, bayan ɓarayi sun haura katangar gidan, wata uku kafin aiki ya mayar da yaron Legas. Ruwa biyu ne, uwarsa irin karnukan 'yan sanda, ubansa karen gida. Ya girma ya kai kilo 36. A tsakar gida yake kwana, ba ya shiga ɗaki, kuma tun zuwansa ba a sake haura katanga ba. Akwai kuma wani dalili da Injiniya ba ya faɗa wa kowa. Likita ya umarce shi da tafiyar rabin awa kullum saboda hawan jini, kuma tun da ya yi ritaya bayan shekara 35 a aikin jirgin ƙasa, karen nan ne kaɗai ke tsaye bakin ƙofa da asuba yana jiran fitowarsa.

Abin da ke kan kanta

Mako shida ya yi da hannu a ɗaure. Ranar da aka kwance, bai zarce gida ba sai da ya biya wani shagon kayan dabbobi. Mutum ne da ya yi rayuwarsa cikin ƙarafa, ya kuma yi imani cewa kowace matsala akwai na'urar da aka ƙera dominta. Abin da ya rage kawai a gano ta.

Mai shago ya jera masa kaya a kan kanta. Ga bel na fata mai faɗi, irin wanda Duna ya zare. Ga sarƙar zarge, wadda ke shaƙe wuya idan an ja, kuma ba ta da iyakar da take tsayawa. Ga wata sarƙar mai haƙoran ƙarfe dasassu da ke kallon ciki, waɗanda ke matse fata a kewayen wuya gaba ɗaya. Ga bel mai batir da rimot, wanda ke sakar wa kare lantarki daga nesa. Ga kuma ɗamarar ƙirji mai zobe a gadon baya. Mai shago ya ɗaga mai haƙoran ya ce, "Baba, wannan ita ce maganinsa. Yau ka sa masa, yau ya daina."

Bai yi ƙarya ba. Washegari Duna ya zabura sau ɗaya, ya yi wani ɗan kuka, ya dawo gefen mai gidansa yana tafiya a takure. Injiniya ya dawo gida yana murmushi, ya ce wa Hajiya an gama. A rana ta huɗu ne ya lura da abu biyu. Na farko, da ya ɗauko sarƙar, karen da ya saba tsalle don murnar fita sai ya sunkuyar da kai ya koma bayan tankin ruwa. Na biyu ya fi tayar masa da hankali. Suna wucewa ta kusa da yaran makarantar allo, Duna ya ɗan matsa don ya shinshina, sarƙa ta matse, sai ya yi gurnani. Tun yana kwikwiyo bai taɓa yi wa yaro gurnani ba.

A makon ne lokacin allurar rigakafin haukan kare ta shekara ya zo. Likitar dabbobin, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba, ta shafa wuyan karen, ta buɗa gashin, ta nuna masa jajayen tabo a jere. Ba ta yi masa faɗa ba. Tambaya ta yi: "Baba, a ganinka me ya sa yake ja?" Ya ce taurin kai. Ta ce, "To idan ya ja, ina yake zuwa?" Injiniya ya yi shiru, sannan ya ce, "Inda yake so."

Dalilin ja

Wannan amsa ita ce rabin bayanin. Kare ba ya ja don ya nuna shi ne mai gida, ko don raini. Yana ja ne saboda dalilai uku, kuma babu mugunta a cikin ko ɗaya.

Na farko sauri ne. Baligi mai lafiya yana tafiyar kusan kilomita 5 a awa, dattijo ƙasa da haka, alhali babban kare ya fi sakewa da sassarfa, wadda ta ɗara wannan nesa ba kusa ba. Tafiya kafaɗa da kafaɗa da mutum ba ɗabi'arsa ba ce, koya masa ake yi. Na biyu hanci ne. Abin da mutum ke gani layi ne mai ƙura, shi a wurinsa labarai ne birjik: wane kare ya wuce, wace akuya ta tsaya, ina aka zubar da ƙashi. Ana tafe ana jan sa daga abin da ya fito dominsa.

Na uku shi ne mafi ƙarfi. A 1898 wani Ba'amurke mai nazarin ɗabi'a, Edward Thorndike, ya wallafa gwajin da ya yi da kyanwoyi. Yakan rufe kyanwa a akwati mai sakata, ya ajiye abinci a waje. Da fari kyanwa kan yi ta kartar ko'ina har ta taɓa sakatar bisa kuskure. Da an maimaita, sai ta riƙa zuwa kanta kai tsaye. Ƙa'idar da ya fitar mai sauƙi ce: duk aikin da ya haifar da abin so, dabba za ta ƙara yin sa. Injiniya ya yi lissafi a zuci. Shekara biyu, kowace safiya, kowane taku: Duna ya ja, ƙafar mai gida ta biyo, an isa wurin warin da ake nema. Sau dubbai ke nan aka biya shi ladan ja, kuma wanda ke biyan ladan shi ne mai ƙorafin. Ga shi kuma dabba, kamar mutum, idan an ja ta baya takan jingina gaba don kada ta faɗi. Duk wanda ya taɓa jan tunkiya zuwa kasuwa ya san wannan. Saboda haka igiyar da ke miƙe kullum ita kanta tana ƙara wa ja ƙarfi.

Abin da ke cikin wuya

Likitar ta ɗora yatsunsa a maƙogwaron karen. A ɗan wannan wuri akwai bututun numfashi, wanda zobban guringuntsi ne ba ƙashi ba. Akwai hanyar abinci. Akwai manyan hanyoyin jini masu kai wa ƙwaƙwalwa da masu dawowa. Akwai kullin nan da kumburinsa ke jawo maƙoƙo. A baya kuma ga ƙasusuwan wuya da laka. Duk wani abin wuya, mai taushi ko mai kaushi, a nan yake sauke ƙarfin kare mai kilo 36 idan ya zabura.

An auna wannan. A 2006 likitocin dabbobi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun nuna cewa matsin cikin idon kare yana hauhawa idan aka ja shi ta bel ɗin wuya, amma ba haka ba idan ta ɗamarar ƙirji aka ja shi. A 2020 masu bincike a Jami'ar Nottingham Trent ta Ingila sun ɗaura bel iri-iri a kan wani bututu da aka yi kamar wuyan kare, suka ja su da ƙarfi daban-daban; suka kammala cewa babu ko ɗaya da matsinsa ya yi ƙasa har a ce ba ya iya cutarwa idan kare yana ja. Wato ko bel na fata mai laushi amfaninsa ɗaukar lambar wayar mai kare ne, da riƙe karen da ya riga ya iya tafiya. Ba kayan kokawa ba ne.

Sarƙar zarge ta fi muni, domin ba ta da iyaka: gwargwadon ja, gwargwadon shaƙa, kuma karnuka da yawa kan saba da ita su ci gaba da ja suna tari. Akwai wata 'yar uwarta mai iyaka, bel mai madauki biyu da ke matsewa kaɗan sannan ya tsaya. An ƙirƙire ta ne saboda karnukan farauta masu siririn kai, waɗanda wuyansu ya kai kaurin kansu, irin dogon karen nan na Buzaye da ake kira Azawak, da sunan kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali. Yawancin karnukan gida na ƙasar Hausa ma haka ƙirarsu take, shi ya sa Duna ya zare bel cikin sauƙi. Wannan tana hana kuɓucewa, amma ba ta hana ja.

Hujjar masu haƙora

Injiniya bai miƙa wuya nan take ba. Ya ce ya gani da idonsa, sarƙa mai haƙora ta yi a rana ɗaya abin da shekara biyu ba ta yi ba. Kuma hujjar masu amfani da ita ba ta banza ba ce. Suna cewa tana rarraba matsi a kewayen wuya maimakon ta tara shi a maƙogwaro, tana buƙatar ɗan ja kaɗan, kuma gara ɗan zafi na ƙiftawar ido da a jefar da kare ko a ɗaure shi a turke har mutuwarsa. Duk wanda ya girma kusa da barga ya san irin wannan magana game da linzami: a hannun gwanin mahayi taɓawa ce kawai, a hannun ɗan koyo sai bakin doki ya yi jini.

To amma nan gizo ke saƙa. Kayan da ke aiki da zafi suna buƙatar hannun da ba ya kuskuren lokaci ko da na daƙiƙa ɗaya, kuma yawancin masu sayensu ba su da wannan hannu. Da suna da shi, da ba su je nemansu ba. Bugu da ƙari, mutum ba shi ne ke zaɓa wa kare darasin da zai ɗauka ba. Injiniya yana nufin Duna ya gane cewa ja ne ke kawo zafi. Duna kuwa abin da idonsa ke kai a lokacin da sarƙa ta matse shi ne yaro mai allo. Idan aka maimaita sau goma, lissafinsa ya zama: ganin yaro, zafi a wuya. Wannan ita ce haɗin alaƙar da Pavlov na Rasha ya shahara da nazarinta a kan karnuka, sai dai a nan tsoro take haifarwa. Kare mai ja matsala ce ta hannun mai shi. Kare mai tsoron yara matsala ce ta unguwa baki ɗaya.

Game da bel mai lantarki kuwa, masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun gwada shi da horon lada, suka wallafa sakamako a 2014 da kuma 2020. Ko a hannun ƙwararrun da masana'antar bel ɗin ta amince da su, bai fi horon lada kyakkyawan sakamako ba. Yankin Wales ya haramta shi tun 2010. Jamus, ƙasar da karnukan 'yan sanda suka samo asali, ta hana amfani da sarƙa mai haƙora wajen horar da kare daga farkon 2022. A shagon Kaduna babu dokar da ta hana mai shago sayarwa, don haka hukuncin ya rage ga mai saye.

Likitar ta ce, "Baba, kai ka fi ni sanin jirgi. Birki yana tsayar da shi, amma birki ya taɓa koya wa direba tuƙi?" Ya yi dariya, karo na farko tun shigowarsa. Ya gane cewa tambayar da ya je shago da ita ce ba daidai ba. Yana neman abin da zai horar da kare, alhali babu abin wuyan da ke horarwa. Abin nema shi ne wanda zai hana dattijo faɗuwa, ya hana kare kuɓucewa, ba tare da ya ji masa ciwo ko ya ɓata tsakaninsa da mutane ba, har zuwa lokacin da horo zai kama.

Ragama ko ɗamara

Da wannan ma'auni, zaɓi ya dawo biyu. Na farko ragama ce, ƙirarta kamar ta doki: madauri ɗaya a kan hanci, ɗaya a bayan kunnuwa, igiya kuma a ƙarƙashin haɓa. Inda kai ya juya, jiki zai bi. Fitattu a cikinsu su ne Halti, wadda Roger Mugford ya ƙirƙira a Ingila, da Gentle Leader, wadda likitan dabbobi R. K. Anderson da mai horar da karnuka Ruth Foster suka fitar a Minnesota ta Amurka a shekarun 1980. Ba takunkumi ba ce. Kare na iya buɗe baki ya yi haki ya sha ruwa, abin da ke da muhimmanci a zafin Maris, tun da haki ne babbar hanyar da kare ke sanyaya jikinsa. Ita ce ta fi ba mai raunin hannu iko a kan babban kare. Aibinta biyu: karnuka da yawa ba sa son ta sai an bi su a hankali na kwanaki, kuma idan kare ya zabura da gudu a doguwar igiya, tana iya fizge masa wuya gefe.

Na biyu ɗamarar ƙirji ce, amma ba irin ta shagon ba. Inda zoben yake shi ne komai, kuma wannan Injiniya ya fahimta tun kafin a gama yi masa bayani. Zobe a gadon baya yana ba kare damar zuba dukan ƙarfin ƙirjinsa da cinyoyinsa a layi ɗaya. Da irin wannan ɗaurin ne karnukan Alaska ke jan keken ƙanƙara a tseren Iditarod mai tsawon kusan kilomita 1,600. Idan kuwa zoben yana gaba, a tsakiyar ƙirji, duk lokacin da kare ya ja sai ƙarfinsa ya karkatar da shi gefe, ya juyo yana fuskantar mai riƙe da shi. Ba a rage masa ƙarfi ba, an dai sauya masa alkibla.

Sun gwada ragama a asibitin. Duna ya kwanta yana goga fuska a ƙasa. Da haƙuri zai saba, in ji likitar, amma Injiniya ya tuna cewa akuyoyin layinsu ba sa yin sallama kafin su ɓullo, kuma bai yarda da hannunsa a kan wuyan da zai iya murɗewa ba. Ya zaɓi ɗamara. Ya ari tef ɗin awo na ɗinkin Hajiya, ya auna kewayen ƙirjin karen a bayan ƙafafun gaba, ya tura wa auta a Legas. Wadda ta iso mai zobe biyu ce, ɗaya a ƙirji ɗaya a baya, madaurinta ya biyo gefen wuya ya haɗe a ƙashin ƙirji, bai gitta kafaɗu ya takure tafiya ba. Ya daidaita ta yadda yatsu biyu za su shiga ƙarƙashin kowane madauri, ya tabbatar ba ta gugar hammata. Wani baduku ya ɗinka masa igiya mai tsawon mita biyu da maƙalli a kowane baki, da kuma ɗan gajeren madauri da ya haɗa ɗamarar da bel ɗin wuya, don ko ɗaya ya zame ɗayan na nan. Injiniya ya duba ɗinkin da kansa, ya sa aka ƙara layi biyu. Bai sake naɗe igiya a hannu ba. A tafin hannu yake riƙe ta, babban yatsa cikin madauki.

Aikin ƙafa

Sauran aikin ba na sayarwa ba ne. Ƙa'idar ɗaya ce: igiya ta miƙe, ƙafa ta tsaya, igiya ta saki, tafiya ta ci gaba. Babu fizga, babu tsawa. Duk lokacin da Duna ya waiwayo ko ya dawo gefen ƙafar hagu, sai a ce "yawwa" a miƙa masa ɗan abin daɗi a daidai wurin, don ya san nan ne ake biya. Injiniya ya yi niyyar amfani da kilishi, likitar ta hana: albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, yaji kuma yana ɓata masa ciki. Dafaffiyar hanta ba gishiri, a yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, a rage daga abincinsa na ranar.

A tsakar gida suka fara, inda babu akuya babu yara, minti biyar-biyar har kwana uku. Kafin kowace fita yakan jefa masa ƙwallo na ɗan lokaci don zumuɗi ya ragu. Ranar da suka fita waje, daga ƙofar gida zuwa bakin kwalbati, tafiyar minti biyu, sai da ta ci minti 25. Taku uku, tsayawa. Taku biyu, tsayawa. Mai shayin bakin layi ya ce, "Alhaji, yau mai ya ƙare ne?" Injiniya ya ce gyaran birki ake yi. Daga baya ya gano cewa hanta ba ita kaɗai ce lada ba. Idan Duna ya yi tafiya mai kyau zuwa gindin dalbejiya, sai ya sassauta igiya ya bar shi ya shinshina son ransa. Abin da karen ke ƙwace da ƙarfi a da, yanzu da ladabi yake samunsa. Yaran makarantar allo kuwa, ya riƙa tsayawa nesa da su, inda Duna zai gan su bai tayar da kunne ba, yana ba shi hanta har su wuce. Kowane 'yan kwanaki ya ɗan rage tazarar.

A mako na uku komai ya koma baya, ya rasa dalili, sai da ya leƙa ta taga wata yamma ya hango ɗan ƙaninsa da ke zaune a gidan yana fita da Duna a guje, kare na jan sa yana dariya. B. F. Skinner ya nuna tun tsakiyar ƙarni na 20, da tantabaru da ɓeraye, cewa halin da ake biya wani lokaci a hana wani lokaci ya fi wuyar bari a kan wanda ake biya kullum. Dalilin da ya sa ɗan caca ba ya tashi ke nan. Idan ja yana aiki da yamma, Duna zai gwada shi da safe. Injiniya ya zaunar da yaron ya yi masa bayani, ya kuma sa shi ya riƙa biyo su da asuba har ya iya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Amma kare mai shekara biyu bai bushe ba, lokaci kawai ya fi ci.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Afrilu, da daddare. Da safe ƙasa na ƙamshi, su biyun suka zaga layi huɗu cikin rabin awa, igiya na lilo a tsakaninsu. Ba a ce an gama ba. Har yanzu idan akuya ta ɓullo kwatsam Duna kan zabura, sai dai ɗamara ta juyo da shi, mai gida ya dasa ƙafa, a tsaya har ya huce. Tabon wuyansa ya rufe da gashi. Mahaifin yarinyar nan yakan ɗaga hannu daga ƙofar gidansa, ita kuma ta daina tsallake titi in ta hango su, ko da yake ba ta matsowa, kuma Injiniya ba ya neman ta matso.

Sarƙa mai haƙora tana nan rataye a ƙusa cikin sito. Ɗan ƙanin nasa ya ce a ba wani abokinsa mai kare, Injiniya ya ce a'a. Hajiya ba ta sake ambaton gona ba, shi ma bai tambaya ba. Sai dai ranar Juma'ar da ta biyo baya, da aka kawo cefane, ya shiga kicin neman ruwa ya tarar da wata ƙaramar tukunya a gefen murhu, hanta na tafasa a ciki, ba albasa ba gishiri.